Sabuntawa ta fito, fada ta rikice: yaushe ƙorafin ƴan wasa ke da tushe?

Wasannin intanet irin waɗanda mutum ke rainon jarumi guda, ya yi wata da watanni yana ɗora masa mataki da makami da sulke, suna da ranar rigima da kowa ya sani: ranar da kamfani ya saki sabuntawa. A Damagaram masu buga irin waɗannan wasanni ba su kai masu wasan ƙwallo da na harbe-harbe yawa ba, amma inda duk suke, ko a fadar Sabon Gari ko a ɗakunan ɗaliban Jami'ar André Salifou, magana ɗaya ce ke fitowa washegari: sun lalata wasan. Abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne mutum huɗu za su faɗi wannan magana, kowanne da abin da yake nufi. Wani rezo ne ya ci amanarsa. Wani ya ci karo da tangarɗa ta gaske a cikin wasan. Wani kuma da gangan kamfani ya rage wa makaminsa ƙarfi, na ƙarshe ya wayi gari ya tarar wahalar da ya sha ta wata shida ba ta da sauran daraja. Ɗan wasa ba ya kuskuren sanin inda ke masa ciwo. Inda yake yawan kaucewa shi ne wajen faɗin abin da ya jawo ciwon.

A fara da hanya, domin a nan ne namu ya bambanta da na Bature. Jaruminka ba a cikin wayarka yake ba. Yana kan saba, wato babbar kwamfutar kamfani, wayar kuwa saƙo kawai take aikawa ta jira amsa. Albion Online, wanda wani kamfanin Jamus ya fitar a 2017 kuma ya iso waya a 2021, yana da saba uku: ta Amurka a Washinton, ta Asiya a Singafo, da ta Turai a Amstadam wadda aka buɗe a Afrilun 2024. Daga Zinder zuwa Amstadam, a miƙe, kusan kilomita 4,300 ne. Haske a cikin wayar fiba yana cin kimanin kilomita 200 a kowane milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan), ke nan ko da an ja waya ɗaya santal daga nan zuwa can, zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 43 ba. To babu irin wannan waya. Nijar ba ta da teku, saboda haka saƙon sai ya gangara kudu ya kai gaɓa, ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa, ya zagaya yammacin Afirka kafin ya hau Turai, ga kuma abin da eriyar unguwa ke ƙarawa idan jama'a sun yi mata yawa bayan isha'i. Washinton kuwa nisanta ya ninka na Amstadam. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Kodibuwa, ƙasashen yammacin Afirka sun kwana da intanet mai rarrafe, alhali babu wani kamfanin wasa da ya taɓa komai.

Rabe wannan da tangarɗa ba shi da wuya idan an natsu. Idan hoto na tafiya sumul amma jarumi ya yi gudu sai a fizgo shi baya, ko ka danna sara sai bayan ɗan lokaci ya sauka, hanya ce. Duba lambar jinkiri da yawancin wasanni ke nunawa a kusurwar allo. Abin dubawa ba girmanta kaɗai ba ne, har da tsayuwarta: milisakan 180 da ya tsaya cak ya fi wanda ke tsalle daga 90 zuwa 400, domin hannu na iya sabawa da jinkirin da ba ya canzawa, amma ba ya sabawa da saƙon da ke ɓacewa a hanya. Idan kuwa hoton ne da kansa ke sarƙewa ko da kana tsaye a fili babu kowa, taɓa bayan wayar. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, waya na rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, musamman idan ana wasa tana jone da caji kuma tana cikin riga mai kauri. A cire rigar, a cire cajin, a sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa, a kulle shi a hoto 30 cikin sakan. Wayar da ram ɗinta giga 3 ne ko 4 tana da wata cutar: da ka leƙa WhatsApp ka dawo, Android ya riga ya kashe wasan don ya samu wuri. Sai idan abu ɗaya yana faruwa a wuri ɗaya, ga mai Airtel da mai Moov da mai Zamani, a waya daban-daban, sannan za a ce tangarɗa ce.

Amma mai cewa sabuntawa ce ta kashe masa waya ba ƙarya yake ba gaba ɗaya. Kowane ƙari yana zuwa da sababbin wurare da zane mai nauyi, kuma wasan da ya zauna lafiya a wayarka shekara biyu da suka wuce yana iya fin ƙarfinta yau. Sauke sabuntawar ma aiki ne. Fayil ɗin a dunƙule yake zuwa, sai waya ta warware shi, saboda haka wurin da ake buƙata na ɗan lokaci ya fi girman da aka rubuta. A bar sarari kamar ninki biyu. Genshin Impact, misali, yana sabuntawa kusan duk mako shida, kuma yana buɗe damar saukewa tun kwana biyu kafin ranar. Rufe sabar na farawa ƙarfe 6 na safe agogon Sin, wato ƙarfe 11 na dare a Nijar, ya ɗauki kimanin awa biyar. Mai dabara yakan sauke tun da wuri da forfen dare, waya cike da caji saboda ɗaukewar wuta. Idan saukewar ta yanke a tsakiya wasan ya ƙi buɗewa, a nemi maɓallin duba fayiloli da gyara su kafin a yi tunanin goge wasan, kuma kada a kuskura a goge shi matuƙar ba a ɗaure asusun da imel ba, don asusun baƙo yakan tafi tare da abin da aka goge. Karɓar fayiloli daga wayar aboki ta Xender yana ceton mega, sai dai tun daga Android 11 an tsaurara shiga jakar da wasanni ke ajiye kayansu, kuma idan sigar ba ɗaya ba ce wasan zai sake saukewa daga farko. Wasan da wani ya yi wa kwaskwarima ya ce yana ba da kuɗi kyauta kuwa, hanyar rasa asusu ce kai tsaye.

Tangarɗa ta gaske tana da nata asali, kuma yawanci ba lalaci ba ne kamar yadda ake zargi. Wasa irin wannan dubban ƙa'idoji ne da aka rubuta a shekaru daban-daban, da hannun mutane daban-daban, wasu sun daɗe da barin aikin. Sabon abu na iya zama daidai shi kaɗai, ya karye idan ya haɗu da tsoho. A Satumban 2005 kamfanin Blizzard ya ƙara wani kogon yaƙi mai suna Zul'Gurub a World of Warcraft. Dodon ƙarshe, Hakkar, yana jefa wa mayaƙa wata cuta mai cin jini da ke tsallakawa daga mutum zuwa na kusa da shi. An tsara ta ne ta tsaya cikin kogon. Abin da ba a lissafa ba shi ne dabbobin da mafarauta ke tafe da su: mutum ya sallami dabbarsa tana ɗauke da cutar, ya koma birni ya sake kiranta, cutar ta fito da ita. Jarumai masu ƙaramin mataki suka riƙa faɗuwa nan take, manyan birane suka cika da gawa, har daga baya masana annoba suka yi nazari a kan yadda mutane suka gudu ko suka yaɗa ta da gangan. Kowace ƙa'ida a cikin biyun tana aiki yadda aka rubuta ta. Masu gwaji ɗari ba za su taɓa gwada abin da mutum miliyan zai gwada a daren farko ba.

Akwai kuma wadda babu uzuri a kanta. A Disamban 2007 sabuntawar Trinity ta wasan EVE Online ta goge wani fayil mai suna boot.ini a kwamfutocin wasu masu Windows XP, saboda wasan na da nasa fayil mai wannan suna. Wanda ya kashe kwamfutarsa a ranar, ta ƙi tashi.

Wadda ta fi kowace haɗari ita ce ta ninka kaya. Yadda take faruwa galibi shi ne: saba na cire abu daga jakar wani ta saka a ta wani, kuma tana ajiye bayanin kowannensu a lokaci daban. Idan aka yanke sadarwa daidai tsakanin matakan biyu, mai karɓa ya samu, mai bayarwa kuma ya dawo da jakarsa yadda take kafin cinikin. Abu ɗaya ya zama biyu. Wanda bai taɓa yin wannan ba zai ce ina ruwana, amma da ruwansa, kamar yadda jabun kuɗi idan suka cika Kasuwar Dole ba mai buga su ke kuka ba, mai sayar da hatsi ne. Zinariyar wasan ta yi yawa, farashin komai ya tashi, wanda ya tara tasa da sassabe da haƙar ma'adini ya ga ba ta sayen rabin abin da take saye jiya. New World na Amazon, da ya fito a Satumban 2021, ya sha wannan a watanninsa na farko, har kamfanin ya riƙa rufe duk wata hanyar musayar dukiya tsakanin ƴan wasa yana neman ramin. A nan kamfani na da zaɓi biyu, kowanne da masu zaginsa. Ko ya mayar da saba baya zuwa kafin ɓarnar, wanda ke nufin mai gaskiyar da ya kwana yana neman wani takobi ya same shi da asuba zai rasa shi. Ko ya bar ta yadda take ya bi masu laifi ɗaya bayan ɗaya, alhali kayan sun riga sun bi hannu biyar. Mai ihu a mayar da mai ihu kada a mayar duk suna da hujja, kuma idan ka bincika za ka tarar kowanne lissafin jakarsa yake yi.

Inda ra'ayi ya fi zafi shi ne rage ƙarfi. A ƙa'ida, dole ne a yi shi. Idan makami ɗaya ya fi sauran, cikin mako biyu kowa shi zai riƙe, sauran makamai hamsin su zama ado. Ƴan wasa kan ce to a ƙara wa raunanan ƙarfi mana, me ya sa sai an taɓa nawa? Amsar ita ce gyara abu ɗaya ya fi gyara hamsin sauƙi, kuma idan aka ɗaga kowa, dodanni sun zama abin wasa, sai a ɗaga su su ma, a koma inda aka fara da lambobi masu kumburi. A wannan gaɓa, shawarar ƴan wasa ba ta cika zama daidai ba.

Sai dai lissafin na canzawa da zarar kuɗi ya shiga. A Genshin ana samun jarumai ne ta hanyar jan sa'a: ja ɗaya na cin duwatsu 160 (kuɗin cikin wasan ke nan), ana tabbatar da babban jarumi a ja na 90, kuma idan ba wanda ake talla ba ne ya fito, sai an sake wani zagayen. Ke nan mai rashin sa'a na iya kashe ja 180, duwatsu 28,800, kafin ya samu wanda yake so. A Yulin 2024 kamfanin HoYoverse ya ce ya gyara wata tangarɗa a jarumi Neuvillette, wanda ƴan wasa suka gano cewa idan ana juya shi da sauri yana feshin ruwa yakan share duk abin da ke kewaye. Jarumin ya yi wata tara a hannun mutane a haka, an ma sake sayar da shi a haka. Ƙurar da ta tashi, musamman a Sin, ta sa kamfanin ya lashe amansa cikin ɗan lokaci, ya mayar da abin yadda yake, ya raba wa kowa duwatsu 1,600. A ganina ƴan wasa ne da gaskiya. Abin da ka bari ya daɗe, ka kuma karɓi kuɗin mutane yana nan, ya zama cikin abin da ka sayar, ko da a takardarka sunansa kuskure. Ga saurayin da ya haɗa jaka-jaka ya nemi mai katin banki ya saya masa duwatsu, wannan ba gardamar fasaha ba ce.

Babban ƙari, wanda ke zuwa da sabuwar ƙasa da sabon mataki, shi ma lokacin mutane yake taɓawa. Da Burning Crusade, ƙarin World of Warcraft, ya fito a Janairun 2007 ya ɗaga iyakar mataki daga 60 zuwa 70, waɗanda suka yi watanni suna taruwa su arba'in don kashe manyan dodanni sun ga kayan da ake samu a ƙananan ayyukan sabuwar ƙasa na gogayya da nasu. Kamfani na yin haka ne da sani, don sabon shiga da wanda ya daɗe bai buga ba su iya kamo sahu. In ba haka ba ƙofa ta rufe, wasan ya tsufa da tsofaffinsa. Tsohon ɗan wasa ya ji an wulaƙanta shi, sabo ya ji an buɗe masa hanya, kuma tsohon ne ke da bakin magana domin shi ya san inda ake rubuta ƙorafi.

Wani lokaci kuma kamfani ne ke yin kunnen uwar shegu har sai ya ji a jikinsa. Jagex na Ingila ya sauya salon faɗa na RuneScape gaba ɗaya a Nuwamban 2012, jama'a suka watse. A Fabrairun 2013 ya ɗauko wani tsohon kwafin wasan na Agustan 2007 ya buɗe shi da sunan Old School RuneScape, kuma a yau wannan tsohon ya fi sabon jama'a. Blizzard ma ya daɗe yana cewa masu neman tsohon World of Warcraft ba su san abin da suke so ba, sai ga shi a Agustan 2019 ya buɗe Classic, wato tsohon wasan yadda yake, layin shiga ya kai awanni. Final Fantasy XIV na farko, na 2010, ya lalace har kamfanin Square Enix ya sauya shugabannin aikin, ya damƙa wa Naoki Yoshida, aka rufe sabar a Nuwamban 2012, aka sake gina wasan ya dawo a Agustan 2013.

To a miƙa wa ƴan wasa linzami ke nan? Old School ya gwada: sabon abu ba ya shiga sai ya samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'a, daga baya aka sauke zuwa 70 a 2022. Tsarin ya gina amana sosai, amma ya nuna wani hali: jama'a na saurin amincewa da abin da zai sauƙaƙa musu, suna ɗari-ɗari da baƙon abu. Sau uku aka kawo sabuwar sana'ar da jarumi zai iya koya, a 2014 da 2015 da 2019, sau uku tana faɗuwa. Sana'ar tuƙin jirgin ruwa da ta haye a 2023 da ƙyar ta wuce 70, da a tsohon ma'auni ne da ita ma ta faɗi. Shi ya sa Jagex kan yi gyaran da ya shafi maguɗi da daidaiton wasa ba tare da ƙuri'a ba. Ba a tambayar mai cin moriyar rami ko a cike shi.

Kada kuma a ɗauka duk lokacin da kamfani ya ce rezonka ne, shi ke nan. Da ƙarin Endwalker ya fito a Disamban 2021, cunkoso ya kai har aka dakatar da sayar da Final Fantasy XIV na ɗan lokaci, kuma ƙarancin kayan lantarki a duniya ya hana ƙara saba da wuri. Mutum zai yi awanni a layi, sai kuskure mai lamba 2002 ya fito ya jefar da shi. Bayanin farko ya jingina abin da cunkoso da raunin sadarwar ƴan wasa. Wasu ƴan wasa suka zauna suka bi saƙonnin da ke fita daga kwamfutarsu, suka nuna cewa wasan da kansa ke yanke sadarwa ya sake ƙullawa lokaci-lokaci, kuma a nan ake faɗuwa. Kamfanin ya bincika, ya amsa cewa akwai kuskure da ya samo asali tun daga wasan farko, ya gyara a sabuntawar 6.01. Abin da ya motsa shi ba yawan zagi ba ne, hujja ce da injiniya zai iya maimaitawa a teburinsa.

Wannan shi ne abin da ke raba rahoton da ake karantawa da wanda ake sharewa. "Wasa ba ya yi" ba rahoto ba ne. A rubuta sunan waya da girman ram da sigar Android, sigar wasan, sabar da ake ciki, kamfanin rezo da lambar jinkiri a lokacin, da awa, tare da faɗin cewa agogon Nijar ne, wanda ke gaban agogon duniya da awa ɗaya. Sannan matakai a jere: na tsaya a wuri kaza, na sa makami kaza, na danna kaza, na zaci kaza, sai kaza ya faru, kuma ya faru sau nawa cikin gwaji nawa. A haɗa da bidiyon allo na sakan talatin. A aika ta sashen taimako na cikin wasan, da Faransanci ko Ingilishi, tangarɗa ɗaya a saƙo ɗaya. Idan ta ninka kaya ce, kada a yaɗa ta a guruf, kada a ce bari in gwada sau biyu in tabbatar, domin saba na rubuta kowane ciniki kuma ranar kora ba a tambayar niyya.

Zubar wa wasa tauraro ɗaya a Play Store yana jan hankali, amma makaho ne: a Satumban 2021, da masu Genshin suka fusata kan ƙarancin kyautar cikarsa shekara, har Google Classroom, manhajar karatu, ta sha duka. Kuma ɗan wasan Zinder ba shi da yawan da zai girgiza wannan ma'auni. Kamfanoni na duba alƙaluman waɗanda ke shiga da waɗanda ke biya, ƙasa-ƙasa, kuma matsalar da ke kama mai jinkirin milisakan 200 a waya mai ram giga 3 ba za ta bayyana a ɗakin gwajinsu ba sai wani ya rubuto ta dalla-dalla.

Kafin nan, abin da ke hannun mutum shi ne zaɓi. Old School RuneScape na lissafa komai a bugun sakan 0.6, saboda haka yana haƙuri da jinkiri, kuma ba shi da nauyi a waya. Albion ba ya haƙuri: a yankunan ja da baƙi wanda aka kashe yana zubar da duk abin da ke jikinsa, kuma yankewar rezo na sakan goma ya isa. Mai tsohon jarumi a sabar Amurka da ke son sauƙin jinkirin Turai sai ya fara daga sifili, don ba a ɗaukar jarumi daga wata saba zuwa wata. A makon sabuntawa, a bar kaya masu tsada a ma'aji, a fita da waɗanda ba za a yi kukan rasa su ba, kada a saya ko a sayar da wani babban abu sai farashi ya lafa, a kuma karanta bayanin sabuntawar har ƙasa, inda ake jera matsalolin da kamfani ya riga ya sani, domin ƙananan gyare-gyare kan biyo baya cikin ƴan kwanakin farko.